Zare Ɗaya Babu Ƙulli

Ban taɓa mantawa da ƙamshin da ya tashi ranar da aka kwance ƙunshin nan a kan teburina ba. Ƙamshin busasshen ganyen dogon yaro ne, da na tsohuwar adaka, da ɗan ƙaurin hayaƙin kara can ƙasa-ƙasa, irin wanda yake kama duk abin da ya daɗe a ɗakin ƙauye. Ɗakin ɗinkinmu kuwa kullum warin man keke yake yi da na sabuwar atamfa. Sai na ji kamar an buɗe ƙofa wani gari ya shigo mana.

Ku da kuke sitaj bana kun sha tambayata dalilin da ya sa nake tura ku gidajen mutane cikin rana kafin in bar ku ku taɓa almakashi. Ga dalilin, na rubuta muku shi yadda ya faru.

A ƙarshen shekarun 1970 ne, ina da shekara goma sha tara. Na gama kwaleji a Madawa, na yi horon ɗinki, aka turo ni Buza, gidan da ake koya wa mata sana'a. Tsarin aikin a lokacin mai sauƙi ne. Akwai darakta, wadda duk muke kira Madam, sunanta Madam Zuwaira. Ƙarƙashinta akwai malaman ɗinki biyu da aka riga aka tabbatar a aiki. Sai ni, mai sitaj, wato wadda ake gwadawa shekara guda. Idan shekarar ta cika, mai duba aiki takan zo daga Tawa, ki nuna mata aiki ɗaya na gaske da kika yi wa wani mutumin gari, daga awo har ratayewa, ta ba ki maki bisa ashirin. Wadda ta sami goma an tabbatar da ita. Wadda ta kasa sai ta sake shekara, a inda aka ga dama a kai ta, in ta sake kasawa kuma ta koma gida. Babana a Urno ya riga ya gaya wa duk wanda ya zauna da shi a ƙofar masallaci cewa ɗiyarsa ta zama malama.

Ni kuwa a duk aikin ɗinki babu abin da nake so kamar kan labule. Jikin labule yadi ne kawai, kowa ya iya. Kai shi ne ke ba shi hali. Madam tana da allo a bango da ta maƙala ƙananan samfura a kai, masu gida su zo su zaɓa. Akwai kulis, wanda ake naɗe bakin yadin a ɗinke, a zura sandar ƙarfe a ciki, shi ne mafi sauƙi. Akwai mai zobba, wanda yake gudu a kan sanda yana ƴar ƙara. Akwai na tattara, da ake jan igiya biyu ya takure kamar wuyan riga. Sai kuma pili, sarkinsu. Shi ana yanka yadin gida-gida daidai tsayin taga, a haɗa su da keke, a sa wani kakkauran ƙyalle a kai don ya tsaya, sannan a tsinci ninki uku-uku a kama su da allura, tazararsu ɗaya, kamar yatsu uku a haɗe. Idan ya yi kyau, labulen yakan sauko a miƙe kamar ruwa daga indararo.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake ganin irinsa a hotunan littattafan karatu, a tagogin garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ina da wani ɗan littafi da na cika da zanen tagogi, kowace da labulenta, kowace da mutanen da na ƙirƙira mata a baya. Madam takan ce idan ta kira ni sau ɗaya ban amsa ba, ta san na leƙa ɗaya daga cikinsu. A Buza kuwa tagar da za ta ɗauki pili ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba, don haka shekara ta kusa cika ban yi shi ba sai a kan samfur.

Wanda ya kawo ƙunshin Majo Isuhu ne, babban ma'aikacin likitar garin, wato asibitinmu, dogon mutum mai saurin magana. Ya shigo da hantsi, bayan an gama yankan hatsi, da farar rigarsa ta aiki.

"Madam, tsohuwa ta taho daga Babankatami," in ji shi. "Na gina mata ɗaki da siminti, na sa mata taga babba mai gilashi. Ga ta can tana hushi da ni."

"Hushin mi?"

"Wai na huda mata ɗaki."

Madam ta yi dariya har ta dafa keke. Ta kai shi gaban allo. Ya taɓa kulis da ɗan yatsa, ya janye hannu da sauri.

"Wanga na likita ne, shi muka ratayawa tsakanin gadaje. Ba ni so uwata ta buɗe ido ta ga kamar an kwantar da ita."

"To mai zobba?"

"Shina da surutu, kamar tsohuwar. Biyu sun yi yawa a ɗaki guda."

Da ya zo kan pili sai ya tsaya. Ya ce irinsa ya gani a gidan wani lokotoro, wato dokta, a Tawa, kuma tun ranar ya ce uwarsa ma sai ta kwana bayan irinsa. Sannan ya kwance ƙunshin. Farin yadi ne fes, babu fure babu zane, mita goma, an ninke shi da ganye a tsakani.

"Majo, duk atamfar kasuwa?" in ji Madam.

"Na so in sayo mai huranni. Ta ce ko wanga ko ta toshe tagar da laka. Kin san su."

Ya ajiye awon tagar da ya rubuta a bayan takardar magani, ya fita. Madam ta dube ni ta ce, "Balkisa, ga pilinki ya zo har gida. Mai duba aiki na tahe nan da kwana goma sha biyu. Shi za ki nuna."

Ranar ban ci abincin kirki ba don murna. Na shimfiɗa yadin a kan babban tebur, na yi lissafi, na ga zai ba ni gida shida har da saura. Na ɗauki shuɗin alli na ja layukan yanka guda shida, a miƙe, masu kyau. Ina ɗaga almakashi Madam ta shigo daga tsakar gida.

"Kin ga tagar?"

"Majo ya ba ni awo, Madam."

"Majo allura ya sani. Aje wannan, tahi ki gano da idonki."

Dokarta ce, kuma na san ta. Na yi niyyar tsallake ta ne don ɗoki. Na ninke yadin na sa a jaka don in gwada shi a hasken ɗakin, na ɗauki mitar awo, na kama hanya.

Gidan Majo yana can gefen gari, inda jajayen duwatsu suke fara hawa tudu. Matarsa ta nuna mini ɗakin ta koma wajen dakanta. Na yi sallama na shiga. Ɗaki ne mai kyau, da gadon ƙarfe sabo wanda da gani ba a taɓa kwana a kansa ba. Tagar kuwa an cusa mata tsohuwar tabarma da faifai biyu, haske yana tsiyayowa ta gefe. Can a kusurwar da ta fi nisa da ita, a kan buzu, wata ƴar ƙaramar tsohuwa tana zaune tana ɓarar gujiya. Ita ce Inna Dije.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi garinmu, ta tambayi sunan kakata, ta gano wata ƙanwar kakata da suka taɓa haɗuwa a wani biki, sannan ta yarda in zauna.

"Ke ce ɗiyar lakwal mai ɗunkin?"

"Ni ce, Inna."

"To duba min wanga abu. Shekara saba'in ina kwana ɗaki, in na so rana in hita in same ta. Yanzu ita ka biyo ni har bisa shimhiɗa, ba ta ko sallama."

Na yi dariya, na cire tabarmar na auna. Awon Majo daidai yake, tsayi mita ɗaya, sandar ƙarfen da ya kafa a sama mita biyu. Na fito da yadin don in nuna mata yadda zai sauka. Ina warware shi ta daina ɓarar gujiya.

"Mi ne ne wannan shuɗin?"

"Alli ne, Inna. Inda zan yanka."

"Kin yanka?"

"Ban yanka ba."

Ta miƙo hannu biyu, na ba ta. Ta bi yadin da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan, kamar mai duba jikin jariri. Da ta tabbata lafiyarsa lau sai ta ce in tura ƙofa. Na tura.

"Ɗiyata, kin san ko mi kika ɗauko cikin jakarki?"

Na ce ban sani ba.

"Likkahwanina ne."

Na rasa inda zan sa hannuwana. Ita kuwa ta ci gaba da magana kamar tana ba ni labarin kasuwa. Ta ce wannan shi ne na biyu. Na farkon ta saya da gujiyar gonarta, ta ɓoye a ƙasan adaka shekara huɗu, ranar da ta buɗe ta tarar gara ta mai da shi rariya. Ta sake tarawa ta sayi wannan. Tun daga nan ba ta da kwanciyar rai, kowane wata sai ta fito da shi ta shanya a ɓoye. Da aka kawo ta Buza, ɗanta ya dame ta da zancen labule, sai ta ga Allah ya haɗa mata biyu. Rana za ta daina shigo mata, yadin kuma zai rataya inda iska ke ratsa shi, inda idonta yake kai safe da marece.

"Inna, zai sha ƙura. Zai yi datti."

"A wanke shi. Ni ma ai wanke ni za a yi."

"Majo ya sani?"

"Isuhu?" Ta kaɗa kai. "Ran da na ce mai in na mutu a kai ni kusa da ubanai, kwana biyu bai ci tuwo ba. Shi mai allura ne, gani shikai in na mutu na raina aikinai. In ya san ko mi ne, wallahi sai ya ƙone shi ya sayo min mai huranni. Amana ce na ba ki. Ko uwar ɗakinku kar ki gaya ma."

Sannan ta faɗi sharuɗɗanta. Kada almakashi ya taɓa shi, masu wanka su ne za su tsaga shi yadda ya kamata in ranar ta zo. Kada a hau da shi keke, don ta ga ɗinkin keke, ba ya kwantuwa sai da reza. Allurar hannu ta yarda, amma zare ɗaya, kuma babu ƙulli.

"Waɗanda za su zo rannan suna sauri, idonsu da hawaye. Ba ni so a tsaya neman reza a kaina."

Na ce, "Inna, ɗanki pili ya zaɓa. Shi kuwa sai an yanka. Kuma da shi za a duba aikina."

"A duba mi?"

Na yi mata bayani, da mai zuwa daga Tawa, da makin, da shekarar da zan sake. Ta saurara har na gama. Ta ninke yadin, ta ɗora a cinyarta.

"To bar shi nan. In mayar da shi adaka, Isuhu ya sayo nashi, ki yi aikinki. Ba ni zama sanadin ɗiyar mutane."

Da na karɓi wannan magana da komai ya zo da sauƙi. Amma na ga yadda ta rungume shi, na ga adakar a bayan gado, da ƙasan ɗakin inda siminti bai gama kama bango ba, hanyar gara ke nan. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na ce ta ba ni, zan duba abin da zan iya.

Kwana uku yadin yana cikin akwatina a wurin aiki. Na wanke allin da ruwa, na shanya a bayan ɗaki, na goge. Ina koyar da mata ɗinkin wuyan riga, hankalina yana can. Na zana hanyoyi a littafina na soke. Ko ta ina na bi, mita goma ba ya zama labulen taga ɗaya sai an yanka, domin a lakwal an koya mana yadi a tsaye yake rataya, tsayinsa ya bi tsayin taga. Kuma nakan tuna babana a ƙofar masallaci.

A rana ta huɗu wata daga cikin matan da nake koya wa ta tashi daga kan keke, zanenta ya kwance, ta buɗe shi ta sake ɗaurawa. Na bi hannunta da kallo. Zane ai a kwance ake ɗaura shi, bakin saƙa a ƙugu, tsayinsa ya zagaya jiki, kuma babu macen da ta taɓa yanka zanenta don ya yi mata daidai. Na tashi na auna faɗin yadin Inna. Mita ɗaya da kamu kusan rabi. Ya rufe tagar har da rarar da za a naɗe.

Na ninka shi biyu, baki da baki, ya dawo mita biyar mai ruɓi biyu, wanda zai tare rana sosai. Na naɗe gefen sama yatsu huɗu. Na jawo zare mai tsawo na goga masa sabulu don kada ya harɗe, na bi naɗin da fofile, wato ɗinkin riƙo da muke yi da hannu kafin a hau keke, wanda ake zarewa in an gama. Na yi shi ƙanana, daidai da juna, yadda ban taɓa yin fofile ba. Da na kai ƙarshe ban ƙulla ba, na naɗe bakin zaren a jikin ɗan tsinke na soke shi a cikin ninki. Kulis ke nan, kan labulen da Majo ya ce ba ya son gani, kuma wanda ko ƴar wata biyu da fara koyo za ta iya.

Madam ta same ni ina cikin yi. Ta tsaya a kaina ta daɗe.

"Ina pilin?"

"Ba zan yi pili ba, Madam."

"Ba ki iya ba?"

"Na iya."

Ta ɗaga gefen yadin ta murza shi tsakanin yatsu. Ta dubi tsayinsa da babu yanka ko ɗaya, ta dubi tsinken. Madam ta girme ni da shekara ashirin, ta yi wankan gawa ba sau ɗaya ba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta sauke yadin a hankali da hannu biyu.

"Ni ban tambaye ki komi ba, ke ma ba ki gaya min komi ba," in ji ta. "Amma ki sani, matar nan da ka zuwa ba ta ba da maki don hali. Ni kuma ba ni da alƙalami a takardarta."

"Na sani, Madam."

"Bon. Gyara wancan ɗinkin, ya hi ƴan'uwanai tsawo."

Ana gobe mai duba aiki za ta zo na kai labulen, ranar Majo a wurin aiki zai kwana. Na zura sandar, na tattara mita biyar a kan mita biyu, na bi shi da yatsa ina raba ninkin har ya zauna. Sannan na sauko daga kan kujera.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya faru da ɗakin ba. Ranar da take faɗowa kamar an watso ruwan zafi sai ta tsaya a bayan yadin, ta shigo a narke. Bango ya yi fari-fari kamar cikin sabuwar ƙwarya da aka zuba wa nono. Inuwar reshen da ke waje ta zo ta kwanta a jikin labulen tana motsi kaɗan-kaɗan. A duk tagogin da na zana a littafina babu wadda na ba irin wannan haske, don ban san akwai shi ba. Inna Dije ta jawo buzunta daga kusurwa, ta kawo shi tsakiyar ɗaki, ta zauna tana kallo. Na nuna mata inda tsinken yake. Ta taɓa shi sau ɗaya ta gyaɗa kai.

"Ashe haka zan yi kyau," in ji ta.

Washegari da ƙarfe goma muka zo mu huɗu, mai duba aiki da takardunta, Madam, Majo da ni. Mai duba aikin mace ce mai tabarau, ba ta da mugunta, aikinta take bi layi-layi. Majo ne ya fara shiga. Ya tsaya cik.

"Ba wanga na zaɓa ba."

"Ni ka kwana ɗakin ko kai?" in ji Inna daga kan buzunta.

"Inna, na ce a yi miki irin na manya."

"Ka yi ma matarka. Ni wanga nika so, in ka taɓa shi in koma Babankatami da ƙahwa."

Majo ya yi ƙwafa ya koma bakin ƙofa. Mai duba aiki ta hau kujera, ta juya kan labulen, ta bi ɗinkin da farce. Ta sauko ta cire tabarau.

"A takarda an rubuta pili. Na tarar da kulis. Yadi a kwance, ba a yanka ba, ba a kashe baki ba, fofile ma ba a cire ba. Madamwazel, wannan aiki ba a gama shi ba. Kina da bayani?"

Na ce da ita, "Haka na ga ya dace da ɗakin, Madam."

"Shi ke nan bayanin?"

A nan na ga Inna Dije ta ajiye ƙwaryar gujiyarta. Ta dubi ɗanta a bakin ƙofa, ta dube ni, ta gyara zama, ta buɗe baki. Na san abin da za ta faɗa, kuma na san da ta faɗa za a ba ni makina, labulen kuma ba zai kai azahar a tagar ba. Na kaɗa mata kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Ta riƙe idona na ɗan lokaci. Sannan ta sake ɗaukar ƙwaryarta.

"Shi ke nan, Madam," na ce da mai duba aikin.

Mai duba aiki ta rubuta. Da za ta fita ta sake waiwayar tagar, ta ce da Madam a hankali, "Hannunta na da kyau, fofilen kamar na keke. Abin tausayi." Ta ba ni takwas.

Bayan wata guda takarda ta zo, an tura ni Garhanga in sake shekara. Na je Urno na gaya wa babana da bakina. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma kwana biyun da na yi a gida ban ga ya zauna a ƙofar masallaci bayan salla ba. Wannan ya fi takwas ɗin ciwo. A bayan motar da ta kai ni Garhanga na yi kuka har ƙura ta manne mini a kumatu.

A Garhanga keke ɗaya ne, mata talatin, tagogin garin kuwa ba su fi faifai girma ba. Babu wanda ya taɓa neman pili. A can na koyi shiga ɗakunan mutane in zauna kafin in fito da mita. Na ga mai son zobba don tana so ta ji in yara sun leƙo. Na ga wadda ta ba ni zanen aurenta ta ce aro ta ba taga, za ta karɓi abinta in ɗiyarta ta girma. Na ga matar malamin lakwal da ake sauya wa mijinta gari kowace shekara biyu, tana son kan da zai shiga kowace sanda. Da shekara ta cika na nuna labulen matar malamin nan, aka tabbatar da ni.

Abin da na riƙe daga wannan, shi nake so ku riƙe. Allon samfura yana nuna abin da muka iya ne kawai. Wanda ya zo ya zaɓa sau da yawa ba shi ne zai kwana a bayan labulen ba, kuma awon da aka rubuto a takarda ba ya faɗin daga ina yadin ya fito, ko ina za shi bayan taga. A ƙasarmu yadi ba ya ƙarewa a aiki ɗaya. Ku je ku ga ɗakin, ku gaida mai shi, ku bar ta ta yi magana, sannan ku zaɓi kai. Pili yana nan, ina koya muku shi, har yau ina son sa.

Ban sake komawa Buza ba, kuma shekaru da yawa ina ɗauka Inna Dije ta tafi a cikin yadinta. Sai bara na haɗu da Majo Isuhu a tashar Keita, ya yi furfura, muna jiran mota ɗaya. Shi ya gane ni. Ya ce tsohuwa ta rasu shekara uku da suka wuce, na yi masa gaisuwa. Can ya ce, "Na san ko mi kika rataya mata." Ya ce a shekarar da damina ta ƙi, makiyaya suka sauko da ƴan dabbobin da suka rage musu, suka yada zango a bayan gidansa. Wata mace daga cikinsu ta rasu da hantsi, mutanenta ba su da ko ƙyallen da za su rufe ta. Yana tsaye a tsakar gida ya ga uwarsa ta hau kujera da kanta, ta laluba kan labulen, ta ja zaren, yadin ya sauko mata a hannu gaba ɗayansa. Ta ninke ta miƙa ta kan katanga. Ko sunan matar ba ta sani ba. Inna kuwa da tata ranar ta zo, shi ya je kasuwa ya sayo mata likkafani.